Tambaya da Amsa: Daga Haikalin Ceɗiya Shida zuwa Lambun Yuexiu a ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma a watan Maris zan yi zuwana na huɗu Guangzhou ta ƙasar Sin. Duk zuwan da na yi, daga masauki a unguwar Xiaobei sai kasuwa, daga kasuwa sai wajen masu kago, daga nan sai filin jirgi. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni wai yaya garin yake, wallahi na rasa abin da zan ce mata ban da farashin yadi. Wannan karon zan yi kwana guda cur ina jiran a gama haɗa min kaya. Wani abokina ya ce akwai wani tsohon wurin bauta na mabiya Buddha mai doguwar hasumiya, kuma daga nan ana iya takawa har wani babban lambu. Shin tafiyar ta isa a ɓata mata lokaci? Awa nawa za ta ci? Sannan ni Musulmi, ina ne iyakata a irin wannan wuri? Ba na jin yarensu, Turancin nawa ma na ciniki ne.
Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Wasiƙarka ta ba ni dariya, don kaina na gani a cikinta. Ni sai da na yi zuwa shida garin nan kafin in san cewa tudun da nake hangowa ta tagar masauki, mai duhun itatuwa, lambu ne da kowa ke shiga kyauta. Na ɗauka gidan wani babba ne ko barikin soja. Lambun da abokinka yake nufi shi ne Yuexiu, kuma ƙofarsa ta gabas tana kan titin Xiaobei ɗin da kake kwana. Shekara da shekaru kana wuce shi da buhun samfur a kafaɗa.

Don haka shawarata ta farko: kada ka fara da lambun. Ka je can ƙarshen da jirgi, ka tako da baya, yadda idan ƙafa ta gaji za ka tsinci kanka a bakin masaukinka. Ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Xiaobei, layi na 5, tasha ɗaya zuwa babbar tashar jirgin ƙasa. Ka canja zuwa layi na 2 mai yin kudu, ka sauka a tasha ta uku, Gongyuanqian. Daga nan ka yi yamma a kan titin Zhongshan kamar minti goma, sai ka karya dama ka shiga titin Liurong. Sunayen nan na rubuta maka su ne yadda za ka gan su a allunan titi da harafin boko, ba yadda muke murɗa su a baki ba. Ba sai ka tambayi kowa ba ma, hancinka zai gaya maka ka iso: shagunan da ke bakin titin turaren tsinke suke sayarwa, da carbin katako irin nasu, da ƙananan gumaka.

Liurong, sunan haikalin da titinsa, ma'anarsa ceɗiya shida. Itacen nasu ɗan'uwan ceɗiyarmu ne, mai saiwoyin nan da ke saukowa daga reshe kamar gemu. An kafa wurin a shekarar 537, wato kafin a haifi Manzon Allah (SAW) da shekara talatin da 'yan kai, kuma da farko ba wannan ne sunansa ba. A shekarar 1100 wani mashahurin marubucin waƙoƙinsu, Su Dongpo, ya biyo ta nan a hanyarsa ta dawowa daga tsibirin Hainan, inda aka kore shi saboda rikicin fada. Ya ga ceɗiyoyi shida a harabar suka burge shi, ya ɗauki alƙalami ya rubuta haruffa biyu. Haruffan nan su ne a saman ƙofa har yau, sun kuma cinye sunan asali. Ceɗiyoyin da ya gani kuwa sun daɗe da mutuwa. Na faɗa maka ne don kada ka yi irin tawa, da na yi ta zagaye harabar ina ƙirga itatuwa da yatsa, lissafi ya ƙi fita.

Abin da zai tsayar da kai shi ne hasumiyar. Tsayinta mita 57 da ɗoriya, kusurwa takwas gare ta, an yi mata fenti ja da fari. Idan ka ƙirga daga waje hawa tara za ka samu, amma a ciki hawa 17 ne, don tsakanin kowane hawa da na samansa akwai wani ɓoyayye. Ginin da ke tsaye yanzu an sake tayar da shi ne a 1097, bayan gobara ta cinye na farko. Kowane hawa yana da rufi mai lanƙwasa sama a baki, shi ya sa suke ce mata Hasumiyar Fure. Ka tsaya a gindinta daf, ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa, za ka ga rufin nan suna hawa kan juna kamar an jera faifai tara, kowane na sama ya ɗan fi na ƙasansa ƙanƙanta. Ni magini ne ya fara zo min a rai: wanda ya aza tubalin farko ya san ba da siminti ko ƙarfen rodi zai riƙe wannan tsayi ba, kuma ga shi sama da shekara 900 tana tsaye, a garin da ruwan sama da guguwar teku ba sa ɗaga wa gini ƙafa.

A bayanta akwai babban zaure mai gumakan tagulla uku, kowanne tsayin mita shida, nauyin tan goma, an zuba su a 1663. Nan ne tambayarka ta uku ta shigo. Fatawa ta malamai ce, ni matafiyi ne, don haka ka ji ta bakin malaminka kafin ka tashi. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda nake yi. Harabar a buɗe take, ina shiga in kalli gini. Ba na karɓar turaren da ake miƙa wa masu shigowa, murmushi da ɗan girgiza hannu ya wadatar, ba wanda ya taɓa ɓata min rai a kan haka. Ba na rusuna wa komai, ba na jefa kuɗi a akwati, ba na tsayawa a gaban mai yin ibadarsa ko in haska masa waya a fuska. Zauren gumakan kuwa daga bakin ƙofa nake hange in wuce. Idan zuciyarka ba ta kwanta da shiga harabar ba ma, ba ka yi asarar komai ba: hasumiyar ta fi katanga tsayi nesa ba kusa ba, daga titi za ka ga fiye da rabinta.

Abu ɗaya game da rana. Su ma da wata suke lissafin ibadarsu, kuma ranar ɗaya ga watansu da ranar 15 wurin cika yake maƙil, hayaƙin turare har ya sa ka hawaye. Watan nasu yakan riga namu kamawa da kwana ɗaya ko biyu, don ba sa jiran ganin jinjiri. Idan ranar hutunka ta faɗo a jajibirin tsayuwar wata ko kusa da tsakiyarsa, ka sammaka.

Kafin ka juya arewa, akwai wani ɗan ratse da ba zan yafe wa kaina ba idan na ɓoye maka. Ka koma titin Zhongshan ka tsallaka kudu, tafiyar kamar minti goma, za ka isa titin Guangta. A nan masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar Sin baki ɗaya. Hasumiyarsa kewayayya ce, sumul, ba ado ko kaɗan, tsayin kusan mita 36. A zamanin daular Tang unguwar nan ta fataken Larabawa da Farisawa ce, kuma bakin kogi ya fi kusa da ita a kan yanzu, har ana cewa hasumiyar ce ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Mutanen garin na da suna kwatanta birnin da katafaren jirgin ruwa: hasumiyar haikali da hasumiyar masallaci su ne turakun filafilansa biyu, benen da ke kan tudu kuma shi ne ɗakin matuƙi. Benen nan yana cikin lambun da za ka. Tun da na ji wannan kwatance nake yin tafiyar da shi a rai, daga tsakiyar jirgi zuwa wurin matuƙi. Ka yi nafila raka'a biyu a Huaisheng, ka sha ruwa, sannan ka kama hanya.

Tafiyar kanta ba ta da yawa. Daga ƙofar haikali zuwa lambun bai kai kilomita biyu ba, rabin awa ne ga mai tafiyar kasuwa. Ka nemi titin Jiefang Bei, wanda ke gabas kaɗan da haikalin, ka miƙe arewa. Ba zan yi maka ƙarya ba, wannan yanki ba wani abin kallo: motoci ne, da gadar sama, da dogayen gidaje. Wurin da za ka kula shi ne babban titin Dongfeng. Kada ka yi masa tsallakar Kwari. Ka nemi inda aka tanada wa masu ƙafa ko da za ka yi zagaye, kuma ka riƙa waiwaye saboda baburan lantarki na masu kai saƙon abinci, ba su da ƙara, sai dai ka ji iskarsu a gefen riga.

Bayan Dongfeng hanya ta rabu biyu. Idan ka yi dama za ka ga wani babban zaure mai kusurwa takwas da rufi shuɗi, na tunawa da Sun Yat-sen, jagoran da ya zama shugaban farko bayan an kawar da sarauta a ƙasar. An gama shi a 1931. A bayansa akwai matakala ɗaruruwa da ke hawa tudun kai tsaye har cikin lambu. Na bi ta nan sau ɗaya, da babbar riga, bayan na ci taliya kwano guda. A tsakiyar hawa na zauna ina haki, wata tsohuwa da ta girme ni da aƙalla shekara goma ta wuce ni da jakar cefane, ta dube ni ta yi min alama da hannu wai in riƙa numfashi ta hanci. Kai yaro ne, ka gwada in kana so.

Ni dai ta miƙe nake bi yanzu, saboda abin da ke hannun hagu kafin babbar ƙofar lambun ta yamma. A 1983 ana haƙa harsashin gini a wani ɗan tudu a wurin, sai aka faɗa kan kabarin Zhao Mo, sarki na biyu na masarautar Nanyue, wanda ya mutu wajen shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɓarayin kabari ba su taɓa gano shi ba, komai yana nan yadda aka ajiye. Aka gina gidan tarihi a kansa. An samu gawar sarkin cikin wata riga ta ƙananan fale-falen dutse mai daraja guda 2,291, an ɗinke su da zaren siliki, daga kai har tafin ƙafa. An kuma samu mutum 15 da aka binne tare da shi don su yi masa hidima, abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Amma abin da ya sa nake tura 'yan kasuwa wurin daban ne. Cikin kayan kabarin akwai hauren giwa guda biyar na giwar Afirka, da wani ɗan akwatin azurfa ƙirar Farisa, da lubban. Na daɗe a tsaye gaban hauren nan. Mu muna ganin mu ne muka buɗe hanyar Guangzhou da kwantenoninmu, ashe kayan nahiyarmu sun riga mu isa da shekara dubu biyu, hannu zuwa hannu, ta bakin dillalan da ba wanda ya san sunansu. Ka tafi da fasfo ɗinka, don a gidajen tarihi ana nema, kuma dama doka ce baƙo ya riƙe shi a jiki. Ranar Litinin gidajen tarihin a rufe suke.

Sai lambun. Faɗinsa ya kai hekta 86, da tuddai bakwai da tafkuna uku da aka haƙa. Kada ka ce za ka gama shi, ba gona ba ce da za a biya ka kuɗin kadada. Abu uku sun ishe ka.

Awakin nan biyar tukuna, don su ne tambarin garin, ka sha ganinsu a jikin kwalaye da alluna ba ka sani ba. Mutum-mutumi ne na dutse, tsayin kamar mita 11: wani ƙaton bunsuru a tsaye a sama da zangarniyar shinkafa a baki, huɗu a kewaye da shi, har da ɗan akuya yana tsotson uwarsa. Tatsuniyarsu ta ce an taɓa yin yunwa a garin, sai wasu halittu biyar da ba sa mutuwa suka sauko daga sama a kan dabbobin nan, suka ba mutane irin shinkafa, suka tafi suka bar dabbobin suka zama dutse. A yarensu kalma ɗaya ce ke ɗaukar akuya da tunkiya, shi ya sa za ka ji wasu na cewa raguna biyar. Ni da na yi kiwo ina yaro na duba ƙaho da gemu, awaki ne. A nan za ka ɗaukar wa 'yarka hoto, sai dai ka yi haƙurin layi.

Daga nan ka bi ganuwa. Birnin yana da ganuwa a da kamar Kano, aka rushe ta tun daga wajen 1918 don a fitar da tituna, abin da ya tsira shi ne ɗan abin da ya haura kilomita ɗaya a cikin lambun nan, ginin zamanin daular Ming. Wannan ne wurin da na fi so, kuma mutane ba su cika tsayawa ba. Ceɗiyoyi sun tsiro a kan katangar, saiwoyinsu sun gangaro ta jikin tubali kamar an watsa taru, wasu kaurin cinya, wasu siraran kamar igiyar guga, sun shiga kowane tsagi sun fito ta wani. Ka sa hannu ka taɓa: tubalin sanyi ƙalau, da gansakuka, saiwar kuma ta manne masa har ba ka iya zura farce tsakaninsu. Ba za ka iya cewa itacen ne ke cin katangar ko shi ne ke riƙe da ita ba. Da na tuna yadda tamu badalar ke zaizayewa kowace damina, ana yanka ta ana kafa shago, sai na yi shiru.

Ganuwar za ta kai ka ga ɗakin matuƙin da na ambata, benen Zhenhai, jan gini mai hawa biyar da aka fara ginawa a 1380. Yanzu gidan tarihin birnin ne, da tsofaffin igwa a jere a gabansa. Daga hawa na biyar za ka ga garin a shimfiɗe, kodayake dogayen benaye sun tare kogin da aka gina shi don tsaro.

Amma fa mutanen lambun sun fi gine-ginen daɗin kallo, musamman da hantsi. Tsofaffi ne suka mallake shi. Ga masu motsa jiki a hankali kamar suna iyo a cikin iska, ga mata suna rawa da mafici, ga wasu sun yi da'ira suna buga wani ɗan abu mai gashin tsuntsu da ƙafa ba ya taɓa ƙasa, ga ƙungiyar masu waƙa da takardunsu a hannu. Kuma ka yi sa'ar wata. A Maris ne gurjiya ke fure a garin, ita ce ma furen da birnin ya ɗauka tambari. Itacen ba ganye ko ɗaya, sai jajayen furanni manya kamar tafin hannu, idan ɗaya ya faɗo sai ka ji tim. Za ka ga tsofaffi da leda suna tsincewa, shanyawa suke yi su dafa a sha. Maris kuma watan laima ne, yayyafi ba ya sallama, bango har gumi yake yi. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka bar silifas ɗin fata a masauki, ka riƙe 'yar lema.

Jimilla, in ka fito ƙarfe takwas, da ratsen masallaci da gidan tarihin, azahar za ta same ka a lambu. Abinci kuma ka nemi shago mai koren allo da haruffan nan biyu, 清真, shi ne halal a rubutunsu. Masu taliyar hannu da naman sa suna ko'ina a yankin.

Tambaya: Alhaji, barka da aiki. Mai gidana ya ce a Guangzhou akwai kabarin Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kusa da wani lambu. Da gaske ne? Zan raka shi bana, amma ina fama da gwiwa.
Daga wata Hajiya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, barka kadai, Allah ya ƙara sauƙi. Lambun da Alhaji mai gidanki yake nufi shi ne wannan da na gama bayani a sama. Wurin yana tsallaken titin Jiefang Bei, arewa kaɗan da babbar ƙofar lambun, a harabar masallacin da ake kira Xianxian. Akwai wani ɗan ɗaki mai ƙubba, Musulmin ƙasar sun gada kaka da kakanni cewa Sa'ad ne a ciki, kuma shi ya kawo musu Musulunci. Suna ce masa kabari mai amsa kuwwa, don idan ana karatu a ciki sauti yakan dawo.

Sai dai abin da malaman tarihinmu suka rubuta shi ne Sa'ad (RA) ya rasu a Aƙiƙ, kusa da Madina, wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka ɗauko shi aka binne a Baƙi'a. Ni a kan wannan na tsaya. Wanda ke kwance a Guangzhou, a ganina, wani ne daga magabatan Musulmin da suka zo ta teku, kuma a kewayensa akwai kaburburan Musulmi masu yawa na ƙarnoni daban-daban. Ki yi musu sallama da addu'a kamar yadda ake yi a kowace maƙabarta. Ban ga amfanin jayayya da masu kula da wurin ba, mutane ne masu karamci, kuma sun riƙe masallacin da kyau.

Batun gwiwa, ki manta da tafiyar ƙafa daga haikali, ki manta da matakalar bayan zauren Sun Yat-sen. Ku sauka a tashar Yuexiu Park a layi na 2, masallacin da ƙofar lambun duk suna kusa da ita. Harabar masallacin shimfiɗaɗɗiya ce, da inuwa. A lambun kuma ki tsaya wajen tafkin da ke kusa da ƙofa, akwai kujeru, ki bar Alhaji ya hau wajen awakin ya kawo miki hoto. Idan kuna son ganin jama'a ku je ranar Juma'a, za ki ga Larabawa da 'yan Pakistan da Musulmin Sin da namu 'yan Afirka sahu ɗaya, kuma da wuya ki fito ba ki ji ana Hausa a bayanki ba. Amma ku isa da wuri, ki kuma riƙe 'yar dardumarki, don cikin masallacin yakan cika tun kafin liman ya hau mumbari.